Mayar da Imel da Saƙonni Jerin Ayyuka da Taimakon AI: Wace Hanya Ce Ta Dace da Kai?

Duk wanda ya taɓa riƙe sakatarancin ofis, ko na makaranta, ko na wata ƙungiya, ya san cewa aiki ba ya zuwa da sunansa rubuce a goshi. Yakan zo ne a naɗe cikin saƙo: imel mai sakin layi biyar wanda buƙatar da ke cikinsa tana can layin ƙarshe, ko saƙon WhatsApp da ya fara da gaisuwa da tambayar iyali da ban gajiya kafin a ce "ko da hali a ɗan duba mana maganar takardar nan kafin Alhamis", ko kuma saƙon murya na minti huɗu da aka naɗa cikin hayaniyar kasuwa. Mutum ya karanta, ya ƙudurta a ransa zai yi, sai wasu saƙonni talatin su hau kansa su binne shi, ba a sake tunawa da shi sai ranar da mai shi ya bugo waya yana tambayar inda aka kwana. Wannan giɓin da ke tsakanin karanta saƙo da rubuta abin da saƙon yake nema a inda ido zai riƙa ganinsa, shi ne ake so mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ya cike.

A ofishin da nake aiki a Kano, takardun hukuma da na kamfanonin da muke hulɗa da su ta imel suke zuwa, amma ainihin hada-hadar yau da kullum a WhatsApp take gudana, kuma na daɗe ina gwada hanyoyi daban-daban na tsamo ayyuka daga waɗannan rijiyoyi biyu. Abin da na fahimta shi ne, tambayar da mutane suka fi yi, wato wane mataimaki ne ya fi basira, ba ita ce ta farko ba. Tambayoyi biyu ne suke gaba da ita: a ina saƙonninka suke taruwa, kuma wane irin iko ka yarda ka miƙa wa na'ura a kansu? Wanda ya amsa waɗannan biyun da gaskiya ya riga ya yi rabin zaɓin, domin akwai manhajar da ta ƙware ƙwarai amma ba ta da ƙofar shiga inda saƙonninsa suke, akwai kuma wadda za ta shiga ko'ina amma sai an ba ta mabuɗan gidan gaba ɗaya.

Kafin a kai ga AI, ya kamata a san abin da ake da shi a hannu kyauta, domin shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. A cikin Gmail akwai maɓallin da ke mayar da imel aiki a Google Tasks, kuma aikin yana riƙe da mahaɗin da zai koma da kai ainihin saƙon. Idan ka sa masa rana, zai fito a Google Calendar. A Outlook kuwa, duk imel ɗin da ka kafa wa tuta yana bayyana a wani jeri na musamman cikin Microsoft To Do, manhajar da ta gaji Wunderlist, wadda Microsoft ya saya a 2015 ya kuma rufe a 2020. Todoist da Trello da Asana, manhajojin tsara jerin ayyuka, duk suna ba ka adireshin da za ka tura imel zuwa gare shi ya zama aiki. A WhatsApp ma mutum na iya sa wa saƙo tauraro, ko ya tura shi zuwa hirar da yake yi da kansa. Raunin waɗannan duka ɗaya ne: taken imel ɗin shi ne zai zama sunan aikin, sai ka tarar da jeri cike da "ci gaban maganarmu ta jiya" ba tare da an faɗi abin da za a yi ba, da wanda zai yi, da ranar da za a gama. Wanda saƙonnin aikinsa ba su wuce goma zuwa sha biyar a rana ba, wannan ya ishe shi, kuma ba na ganin dalilin da zai sa ya biya ko sisi.

Hanyoyi masu AI uku ne. Ta farko ita ce mataimakin da aka gina a cikin akwatin imel ɗin kansa, wato Gemini a Gmail da Copilot a Outlook. Amfaninsa babba shi ne yana zaune a inda saƙon yake, ba sai an kwafo an kai masa ba. Za ka iya buɗe doguwar musayar imel da mutum takwas suka yi ta mayar wa juna amsa har mako biyu, ka ce ya taƙaita maka, ya fitar da abin da aka ɗora wa kowa, kuma a Teams, manhajar taro ta Microsoft, Copilot yana fitar da ayyukan da aka amince da su bayan an tashi daga taro. Ta fuskar sirri ma wannan hanya tana da kwanciyar hankali fiye da sauran, domin saƙon bai bar hannun kamfanin da dama can yake ajiye da shi ba, kuma Google da Microsoft duka sun bayyana cewa ba sa horar da manyan manhajojinsu na AI da bayanan abokan cinikinsu na asusun ma'aikata. Ga ofishin da ke da shugaban sashen kwamfuta, wanda yake son ya san wa ya ga me, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Lokacin da Microsoft ya buɗe Copilot ga manyan kamfanoni a ranar 1 ga Nuwamba 2023, farashinsa dala 30 ne a kan kowane ma'aikaci a wata, ban da kuɗin Microsoft 365 ɗin da dama ake biya. Google kuwa a Janairun 2025 ya shigar da Gemini cikin tsare-tsarensa na Workspace na 'yan kasuwa, ya kuma ɗan ƙara kuɗin tsarin gaba ɗaya. Idan aka lissafa yadda darajar naira ta zube tun daga Yunin 2023, ofis mai ma'aikata ashirin zai ga cewa abin da zai kashe a wata ya kai albashin ƙarin ma'aikaci, har da saura. Amma ba kuɗin ne babbar matsalar ba a wurinmu. Babbar matsalar ita ce wannan mataimaki ba ya ganin komai sai abin da ke cikin gidansa: Gemini na Gmail bai san abin da aka faɗa a zauren WhatsApp na ofis ba, Copilot ma haka. Ma'aikacin banki ko na ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, wanda kusan komai nasa ta imel da Teams yake bi, zai ci moriyarsa sosai. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko shugaban makarantar Islamiyya, wanda yakan yi kwana uku bai buɗe imel ba, zai biya kuɗin mai gadi ne ya tsare ƙofar da ba ta nan ake shiga ba.

Hanya ta biyu ita ce mataimakin hira na gama-gari, irin ChatGPT na kamfanin OpenAI, wanda ya fito a ranar 30 ga Nuwamba 2022, ko Claude na Anthropic, ko manhajar Gemini mai zaman kanta. A nan kai ne kake kai masa saƙon: ka kwafo ka liƙa, ko ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka tura, ko ka yi amfani da damar da WhatsApp ya bayar ta fitar da hira sukutum a matsayin fayil na rubutu. A ido wannan hanya kamar koma baya ce, tunda da hannu ake yi, amma ita ce kaɗai a cikin ukun take isa ko'ina: imel, WhatsApp, saƙon tes, hoton takardar da aka rubuta da biro, duk abin da za ka iya kwafa ko ka ɗauka a hoto. Ana iya fara ta kyauta, wanda yake son ƙari kuma tsarin da aka fi sani na ChatGPT da na Claude dala 20 ne a wata. Yanzu duka biyun suna iya haɗuwa kai tsaye da Gmail da kalanda idan ka ba su izini, sai dai wannan ya matsar da su kusa da hanya ta uku da za mu zo gare ta, da dukan abin da ke tattare da ita.

Dalilin da ya sa WhatsApp ya zama ƙarfen ƙafa ga sauran hanyoyin yana da kyau a fahimce shi. Tun Afrilun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, kuma babu wata halastacciyar ƙofa da wata manhaja ta waje za ta bi ta riƙa karanta hirarrakin asusun mutum. Ƙofar da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ya buɗe ta kamfanoni ce, wadda ake yi wa rajista da lamba ta musamman don amsa abokan ciniki. Akwai masu tallar manhajojin da suke cewa za su karanta maka WhatsApp ɗinka su fitar da ayyuka, amma da yawansu ta bayan gida suke shiga, wanda ya saɓa wa ƙa'idojin WhatsApp, kuma yana iya jawo a rufe lambar. Mutumin da duk abokan cinikinsa da wannan lamba suka san shi bai kamata ya yi caca da ita ba. Meta AI, wanda ya iso Najeriya da Gana a Afrilun 2024, yana cikin WhatsApp ɗin, kuma za ka iya tura masa saƙo ka ce ya fitar da ayyukan ciki, amma jerin zai tsaya ne a cikin wannan hirar, kai za ka kwashe shi zuwa inda kake ajiye ayyukanka. Telegram ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin tun 2015 ya buɗe ƙofa ga ƙananan manhajoji masu sarrafa kansu, sai dai mutanenmu ba can suka taru ba.

A nan ne nake so in daɗe, domin nan ne zaɓin yake yankewa ga mai aiki da Hausa. Manyan mataimakan nan suna karanta rubutacciyar Hausa gwargwado, har da wadda aka gauraya da Turanci ko aka rubuta ba ƙugiya, amma fitar da aiki daga saƙo ya wuce sanin ma'anar kalmomi, yana buƙatar sanin yadda muke ƙidayar lokaci da yadda muke roƙo. Wata rana shugaban wani kwamiti da nake rubuta wa rahoto ya turo saƙo a zaurenmu cewa, "Don Allah mu haɗu daren Juma'a bayan Isha'i, kowa ya zo da lissafin abin da ya karɓa." Na kwafa na bai wa mataimakin da nake amfani da shi, nan take ya fitar da aiki tsaf: haɗa lissafi, ranar Juma'a, ƙarfe takwas na dare. Kallo ɗaya na yi na ga kuskuren, domin dattijon nan idan ya ce daren Juma'a, daren da ke wayewa Juma'a yake nufi, wato ranar Alhamis da dare, kamar yadda aka saba a lissafinmu inda dare ke gaba da yini. Da a ce aikin ya wuce kai tsaye cikin kalandata ba tare da na gani ba, da na iso taron bayan an tashi da kwana ɗaya, riƙe da lissafin da aka gama nema.

Irin wannan yana da yawa. Gobe da jibi sukan wuce lafiya, amma gata da citta sukan rikita na'ura, haka "rana ita yau" da "wata mai kamawa". "Bayan La'asar" ba ƙarfe kaza ba ne a agogo, yana motsawa da lokacin shekara da garin da mutum yake. "Bayan Sallah" ya dogara ne da ganin wata, kuma sai an san ƙarama ake nufi ko babba. Mai hulɗa da Maraɗi ko Damagaram yana da nasa tarkon: idan abokin cinikinsa ya rubuta "a ba yaron dala ɗari biyu", sefa dubu ɗaya yake nufi, tunda a Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, amma mataimakin da ba a faɗa wa ba zai rubuta dalar Amurka ɗari biyu ba tare da ko ɗar ba. Ko a imel na Turanci, kwanan wata da aka rubuta 3/4 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris ne a wurin Ba'amurke. Sai kuma ladabin magana, wanda ya fi duka wuya. Idan babba ya rubuta wa na ƙasa da shi "ko za a samu dama a leƙa wajen nan", umarni ne da ba ya jiran gobe. Idan kuma wani ya amsa roƙo da "to, za mu duba, Allah ya sa mu dace", sau da yawa ba alkawari ya ɗauka ba. Na'ura takan ɗauki na farko da sauƙi, ta rubuta na biyu a matsayin aikin da wani ya karɓa.

Abin da ya sa hanya ta biyu ta fi ƙarfi a nan shi ne tana ba ka damar koya wa mataimakin waɗannan abubuwa sau ɗaya, sannan ka ga abin da ya fitar kafin ya shiga ko'ina. Umarnin da nake amfani da shi gajere ne, na ajiye shi ina liƙawa a gaban saƙonnin. Nakan faɗa masa ranar yau da kwanan wata, da sunana da matsayina, domin ya bambanta abin da aka ɗora mini da abin da aka ɗora wa wani. Nakan ce kowane aiki ya fara da aikatau, ya faɗi wanda ya nema da ranar gamawa, ya kuma kawo ainihin jimlar da ya tsamo aikin daga cikinta, kalma da kalma. Sannan in ce idan ba a ambaci rana ba kada ya ƙaga, ya rubuta cewa babu rana, idan kuma yana shakka ya ware shi gefe ya tambaye ni. Wannan sharaɗi na kawo ainihin jimla shi ne mafi amfani a cikinsu, domin waɗannan manhajoji suna da halin cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya, kuma aikin da ba a iya nuna inda ya fito ba, a nan take ake gane ƙage ne.

Saƙon murya kuwa har yanzu shi ne wurin da duka hanyoyin suka fi rauni. WhatsApp ya fara mayar da saƙon murya rubutu a Nuwamban 2024, amma da 'yan harsuna kaɗan ya fara, babu Hausa a ciki. Whisper, manhajar da OpenAI ya saki a 2022 don mayar da magana rubutu, ta lissafa Hausa cikin harsunanta, sai dai abin da take fitarwa da Hausa bai kama ƙafar na Turanci ba, balle idan da ƙarar janareto ko ta babura a bayan mai magana. Abin da na ga ya fi shi ne in saurari saƙon da kunnena, in rubuta layi ɗaya a hirar da nake yi da kaina, sannan da yamma in haɗa shi da sauran in miƙa wa mataimakin ya tsara.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi jan hankalin masu sha'awar fasaha: a shimfiɗa bututu mai aiki da kansa, ta yadda duk imel ɗin da ya shigo zai wuce wurin AI, ya karanta, ya yanke hukunci ko akwai aiki a ciki, ya rubuta shi a Todoist ko Trello ko Asana ba tare da ka taɓa komai ba. Zapier da Make da n8n su ne aka fi sani, sai Power Automate ga mutanen Microsoft. Zapier ya fi sauƙin haɗawa, amma tsarinsa na kyauta ayyuka 100 ne kawai a wata, wanda akwatin imel mai cunkoso zai cinye cikin 'yan kwanaki. Make, wanda a da ake kira Integromat, yana ba da matakai 1,000 kyauta a wata, sai dai imel ɗaya yakan ci matakai uku ko huɗu. Shi kuwa n8n, wanda aka fara a Balin ta Jamus a 2019, ana iya ɗora shi a kwamfutar ofis a gudanar da shi ba tare da biyan kuɗin manhajar ba, amma yana buƙatar wanda ya san kan abin, da wuta da intanet da ba sa yankewa, kuma kuɗin AI ɗin da zai riƙa karanta saƙonnin daban ne. Inda wannan hanya take haskakawa shi ne saƙonni masu kama da juna da ke zuwa da yawa, kamar odar kaya, ko takardun neman shiga makaranta, ko koken abokan ciniki da ke shigowa ta adireshi guda.

Haɗarinta kuma ya fi na kowace, kuma ba na son a ɗauke shi da wasa. Manhajar AI ba ta iya bambance umarnin maigidanta da rubutun da aka ba ta ta karanta bambancewa ta haƙiƙa, duka kalmomi ne a wurinta. Saboda haka mugu na iya aiko imel da ya cusa umarni a ciki, wani lokaci da farin rubutu a kan farin shafi yadda idon mutum ba zai gani ba, yana cewa a tattaro saƙonnin da suka shafi kuɗi a aika wuri kaza. Masanin manhaja Simon Willison ne ya raɗa wa wannan dabara suna "prompt injection", wato cusa umarni, a Satumban 2022, kuma ba tatsuniya ba ce: a Yunin 2025 masu bincike na kamfanin Aim Security suka bayyana wata kafa a Copilot na Microsoft 365, wadda suka kira EchoLeak, inda imel guda zai iya sa mataimakin ya fitar da bayanan ofis ba tare da ma'aikacin ya danna komai ba. Microsoft ya toshe kafar, amma darasin ya shafi kowane mataimaki da ke karanta saƙon baƙi. A ƙasar da 'yan damfara suka daɗe suna aiko da imel na bogi suna cewa an canza lambar asusun da za a biya kuɗi, ka yi tunanin jerin ayyukanka ya wayi gari da layin da ke cewa a biya kamfani kaza ta sabon asusu kafin azahar, an rubuta shi tsaf cikin irin salon sauran ayyukanka, babu alamar da za ta sa ka yi shakka kamar yadda ainihin imel ɗin zai sa. Don haka duk wanda zai bi wannan hanya, ya bai wa bututun ikon karantawa da ikon rubutawa a jeri ɗaya kawai na abubuwan da ke jiran amincewa, kada ya ba shi ikon aika imel ko gogewa, kuma ya taƙaita shi ga saƙonnin da ya sa wa wani laƙabi ko waɗanda suka fito daga adireshin da ya sani.

Akwai kuma maganar amana, wadda ta fi taɓa hanya ta biyu. Saƙon da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai, na wanda ya rubuto shi ne ma, kuma idan ka fitar da hirar zaure mai mutum sittin ka liƙa wa wata manhaja, ka miƙa lambobinsu da maganganunsu ba da saninsu ba. A asusun ɗaiɗaikun mutane, kamfanonin AI na iya amfani da hirarraki wajen horar da manhajojinsu gwargwadon abin da ka zaɓa a saiti, don haka abu na farko shi ne a shiga a duba a kashe. Kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki a Mayun 2023, bayan wasu sun liƙa bayanan sirrin kamfanin a ChatGPT. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora nauyi a kan duk ma'aikatar da ke sarrafa bayanan mutane, har da batun fitar da su zuwa ƙasashen waje; Gana tana da irin tata tun 2012, Nijar ma tana da hukumar HAPDP. Ma'aikacin asibiti ko lauya ko akawun makaranta bai kamata ya liƙa saƙon da ke ɗauke da rashin lafiyar wani ko shari'arsa ko bashinsa a asusun kansa na kyauta ba. Ni dai ƙa'idata ita ce in kwafi saƙonnin da suka shafe ni kaɗai, in goge lambobin waya da na asusun banki kafin in liƙa.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, ga inda na tsaya. Ma'aikacin da ofishinsa ya riga ya biya Workspace ko Microsoft 365, kuma aikinsa ta imel yake zuwa da Turanci, ya yi amfani da mataimakin da ke cikin akwatinsa, kada ya fita neman wani, domin fitar da saƙonnin ofis zuwa wata manhaja ƙarin haɗari ne ba tare da ƙarin riba mai yawa ba. Kamfani ko makarantar da ke karɓar saƙonni iri ɗaya masu ɗimbin yawa, kuma tana da wanda zai kula da bututun idan ya toshe, ta gwada hanya ta uku a kan adireshi guda tak, da sharaɗin mutum ya amince kafin aiki ya tabbata. Amma mafi yawanmu, 'yan kasuwa da malamai da sakatarorin ƙungiyoyi da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda rayuwarsu ke cikin WhatsApp da Hausa da saƙon murya, hanya ta biyu ce tamu, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin burgewa. Minti goma bayan Magariba, a tattara saƙonnin da aka sa wa tauraro da rana, a miƙa su da umarnin da aka tanada, a karanta jerin da ido, a gyara, a zuba a Google Tasks ko ma a littafin aljihu. Datar da wannan ke ci ba ta kai ta kallon gajeren bidiyo ɗaya ba, abin da ke da muhimmanci tun bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Kafin ka biya wa kowace manhaja kuɗi, akwai gwajin da nake ba da shawara, wanda ba ya cin fiye da awa ɗaya. Ka zaɓi saƙonni talatin na makon da ya wuce, waɗanda ka riga ka san abin da suka ƙunsa, ka tabbata akwai na Hausa zalla, da gauraye, da doguwar musayar imel, da biyu ko uku da babu wani aiki a cikinsu sai gaisuwa ko sanarwa. Ka fara rubuta ayyukan da hannunka a takarda, sannan ka bai wa mataimakin, ka ƙirga abu uku: ayyuka nawa ya tsallake, nawa ya ƙaga, ranaku nawa ya kuskure. Ƙagen yana da sauƙin kamawa tunda yana gabanka a rubuce, kuskuren rana ma ana rage shi da gyaran umarni. Wanda ya tsallake shi ne abin lura, domin ba ya barin alama a jerin, kuma da zarar mutum ya saba da dogaro da jerin yakan daina komawa ga saƙonnin. Idan a cikin talatin ɗin ya tsallake ko da buƙata ɗaya daga maigidanka ko babban abokin cinikinka, to saƙonnin waɗannan mutane ka ci gaba da karanta su da kanka, ka bar wa mataimakin sauran.